Tayar yau da kullum: wacce ta fi biyan kuɗinta a zafin Arewa?

Abban_Khadija:
Assalamu alaikum 'yan majalisa. Shawarar masana nake nema. Motata Corolla ce ta 2010, lambar tayarta 195/65 R15, aikinta cikin garin Kano ne, sai jefi-jefi Zariya ko Kaduna. Lokacin canza tayoyin huɗu ya yi. A kasuwa kala uku ake nunawa: sababbi 'yan China masu sauƙin kuɗi, sababbi na manyan kamfanoni masu tsada, sai 'yan Beljiyam, wato na hannu, da aka rubuta wa "All Season", wai suna aiki rani da damina. Wacce mutum zai saya kuɗinsa bai tafi a banza ba?

Injiniya_Sabo:
Wa alaikumus salam. Malam Abban Khadija, mu fara cire rani da damina daga maganar. Wannan rubutu ba don su aka yi shi ba. An yi shi ne don ƙasashen da ke da bazara mai ɗumi da hunturu mai ƙanƙara, irin Amurka da Turai. Robar tayar bazara tana taurarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ta rage kama titi. Robar tayar hunturu kuma laushi gare ta, an haɗa ta ne don ta yi aiki a wannan sanyin. Ta tsakiyar, wadda ake ce wa All Season, sulhu ce tsakanin biyun don mutum ya huta da canji sau biyu a shekara.

A Kano, Sakkwato ko Maiduguri, abin da ke kashe taya zafi ne. Watan Afrilu iska kan wuce digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa. Don haka tayar bazara ita ce asalin tamu. Ta tsakiyar irin ta Amurka, mai alamar M+S (laka da ƙanƙara) kawai, ita ma babu laifi, da ita ma yawancin motocin da ake shigowa da su daga can suke zuwa. Wadda za ka guje wa ita ce ta hunturu zalla.

Mai_Faci_KofarRuwa:
Injiniya ya faɗi gaskiya, kuma ta hunturun ce ta fi yawa a cikin 'yan Beljiyam, don ita ce ta fi zurfin zane, ido yana ganinta ya ɗauka sabuwa ce. Ga yadda ake gane ta. Kowane ɗan tudu na zanen cike yake da ƙananan tsaga masu zigizaga, siri-siri, da yawa. In ka danna farce robar tana lotsawa da sauƙi. A gefe za ka ga an rubuta Winter, Snow, Ice, ko Studless in daga Japan ta fito. Wasu suna da ƙananan ramuka inda aka cire ƙusoshin kama ƙanƙara. Sannan akwai hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki. A kwaltarmu da rana irin wannan tana cinyewa da wuri, mota tana lilo a kwana, birki kuma yana ƙara nisa.

DanMaradi_227:
Gyara kaɗan, Malam mai faci. Hoton dutse mai kai uku ba a tayar hunturu kaɗai yake ba. Tayoyin kowane yanayi da ake yi wa kasuwar Turai su ma suna ɗauke da shi, tunda sun ci gwajin ƙanƙara. A nan Nijar suna da yawa cikin kayan da ke biyowa ta Kwatano da Lome. Ba su kai ta hunturu laushi ba, amma sun fi ta bazara. In aka ga hoton sai a karanta sunan tayar kafin a yanke hukunci.

Mai_Faci_KofarRuwa:
Na karɓi gyara. Amma ga wanda bai iya rarrabewa ba, in ya ga hoton ya wuce kawai, ba abin da ya rasa.

Ummu_Hanan:
To wai duk waɗannan lambobin na gefen taya me suke nufi? A yi mana dalla-dalla don Allah.

Injiniya_Sabo:
Hajiya, mu ɗauki ta mai tambaya: 195/65 R15 91H. Lamba 195 faɗin taya ne a milimita. Lamba 65 tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin, kusan milimita 127. Harafin R salon saƙar wayoyin ciki ne, kusan duk tayar ƙaramar mota a yau haka take. Lamba 15 girman wili ne a inci.

Biyun ƙarshe su mutane suka fi tsallakewa, kuma su ne masu haɗari. Lamba 91 nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka ne: 89 kilo 580, 91 kilo 615, 94 kilo 670. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210, V 240. Kar wani ya ce shi ai ba ya gudun 200. Taya mai H ta fi mai S jure zafi ko a gudun 110, saboda ginin cikinta ya fi ƙarfi. Ƙa'ida ita ce kar ka sauka ƙasa da abin da ke rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Hawa sama ba matsala.

Baba_Direba_Hiace:
A ƙara da wannan saboda 'yan haya. Bas irin Hiace tayarta mai harafin C ce, kamar 195 R15C. An yi ta ne don lodi, gefenta ya fi kauri, kuma tana ɗaukar iska fiye da ta ƙaramar mota. Sa wa bas tayar ƙaramar mota don girman wili ya zo ɗaya, sannan a cika fasinja da buhuna a hau hanyar Kano zuwa Maiduguri da tsakar rana, wannan neman fashewa ne da hannu.

Sadiq_Panteka:
Ni shawarata gajera ce. Nemi wadda aka rubuta TEMPERATURE A a gefenta, wato mafi jure zafi. B na iya lallaɓawa a cikin gari. C kar ka taɓa. Shi ke nan.

Malam_Lissafi:
Sadiq, shawarar tana da kyau amma tana buƙatar sharhi. Wannan tsarin na gwamnatin Amurka ne, rubutu uku ne a jere: TREADWEAR, TRACTION, TEMPERATURE. Tayar da ba a yi don kasuwar Amurka ba tana iya zuwa babu shi, kuma hakan bai sa ta zama jabu ba. Na tsakiyar yana auna tsayawa a jiƙaƙƙen titi, daga AA zuwa A, B, C. Na farkon lamba ce ta daɗewar zane, 300 ko 400 ko 600, amma kowane kamfani shi ke gwada tasa, don haka 400 na wannan ba lallai ya yi daidai da 400 na wancan ba. Ana kwatanta shi ne tsakanin tayoyin kamfani ɗaya.

Sababbin da aka yi wa Turai kuma suna zuwa da takarda manne a kan zanen, mai nuna shan mai, kama jiƙaƙƙen titi da ƙara. Ga daminarmu, harafin jiƙaƙƙen titi shi ne abin dubawa. A ko B ya yi.

Abban_Khadija:
Allah ya saka da alheri. Amma har yanzu maganar kuɗin ce ke damuna. 'Yar Beljiyam ta babban kamfani kusan rabin kuɗin sabuwa 'yar China take. Ba ta fi ba?

Malam_Lissafi:
Mu yi lissafi, Malam. Ba taya kake saye ba, zurfin zane kake saye. Sabuwar tayar ƙaramar mota tana zuwa da kusan milimita 8. Iyakar da ake yarda da ita milimita 1.6 ce, akwai ma 'yan tudu a cikin kwarin zanen da ke nuna wannan iyaka. Ke nan sabuwa tana da milimita 6.4 na ci. 'Yar Beljiyam mai milimita 4 saura 2.4 gare ta, bai kai kashi 40 cikin ɗari na sabuwa ba. In ka biya rabin kuɗi ka samu ƙasa da rabin taya, kai aka ci. Kuma ba a sa kuɗin ɗauri da balansin da za ka sake biya da wuri ba. Sai ta kai milimita 6 zuwa sama, shekarunta kaɗan, sannan lissafin ke fara yi mata kyau.

Aunawa ba wuya. In babu gejin zurfi, tsinken ashana da rula sun isa. A auna wuri uku a faɗin tayar, ciki, tsakiya da waje, a ɗauki mafi ƙanƙanta.

Alhaji_Tsoho_Fagge:
Araha ba ta ado. Ni ra'ayina, tsohuwar Michelin ko Bridgestone ta fi sabuwar da ba a san sunanta ba. Ginin ciki ba ɗaya ba ne.

Sadiq_Panteka:
Ranka ya daɗe, wannan magana ta yi aiki a da. Yanzu 'yan China ba kala ɗaya ba ne. Akwai manyan masana'antu irin masu yin Westlake, Linglong, Triangle da Sailun, waɗanda ake sayar da kayansu har Turai da Amurka, akwai kuma waɗanda sunan ma yau ka gan shi gobe babu. Sannan tsakanin China da Michelin akwai matsakaita: Hankook da Kumho na Koriya, Maxxis na Taiwan, GT Radial. Ga mai Corolla da ke yawo cikin gari, a wannan layin ko a sanannun 'yan China kuɗi ya fi zama daidai.

Alhaji_Tsoho_Fagge:
Ban musa ba, ɗana. Amma ka taka birki a ruwa da ta sama da ta ƙasa, za ka ga bambanci.

Injiniya_Sabo:
Alhaji yana da hujja a kan sabuwa da sabuwa: a tsayawa cikin ruwa ne tayoyi masu tsada suka fi nuna fifiko. Amma a kan tsohuwa hujjar ta raunana. Aikin zane shi ne fitar da ruwa daga ƙarƙashin taya. In ya yi ƙasa da milimita 3, ruwan ba ya samun hanyar fita a gudu, sai tayar ta hau kansa, sitiyari ya zama ba nauyi, birki ba ya ji. Sunan kamfani ba ya hana wannan. Ga kuma shekaru: roba tana bushewa ko ba a hawa, zafi kuma yana gaggauta bushewar.

Ummu_Hanan:
Shekarun fa, a ina ake gani?

Mai_Faci_KofarRuwa:
Hajiya, ki nemi inda aka rubuta DOT a gefen taya, ki bi haruffan har ƙarshe. Lambobi huɗu na ƙarshe, cikin ɗan zagaye mai kama da ƙwai, su ne ranar haihuwarta. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2322 na nufin mako na 23 a 2022. A gefe ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar, in ba ki gani a waje ba tana ciki. In kuwa wurin ya yi kamar an goge, ko lambobin ba su daidaita da sauran rubutun ba, an yi wasa da ita, a bar ta.

Baba_Direba_Hiace:
Kuma jami'an kiyaye haɗurra wannan lambar suke dubawa a hanya. A wurinsu taya shekara huɗu ce daga ranar da aka yi ta.

DanMaradi_227:
Wannan shekara huɗun ka'idar hukumar kiyaye haɗurra ce ta Najeriya, FRSC. Masu yin tayar ba haka suke cewa ba. Michelin, misali, cewa take bayan shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ko da zanen yana nan.

Baba_Direba_Hiace:
To Malam, kai ka tsaya ka yi wa jami'i wannan bayani a kan titin Zariya. Mu dai huɗu muka sani.

Injiniya_Sabo:
Duk biyun suna da wurin zama. Shekara goma iyaka ce ta ƙarshe, kuma motar da ke kwana a rana a Sakkwato ba za ta kai can lafiya ba. Abin da ya shafi mai saye shi ne wannan: in sabuwa za ka saya, nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya da yi ba. Wadda ta yi shekara uku a shago, a lissafin hukuma saura mata ɗaya, bai kamata ka biya cikakken kuɗi ba.

Kwastan_Mai_Ritaya:
Wani abu da ba a ambata ba. Tayoyin da aka yi amfani da su suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su Najeriya. Ke nan duk wadda ka gani ba ta bi ta hannun mai duba inganci ba. Kuma tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yi a Legas a 2008, tayar mota daga waje take zuwa. Wasu masu shigowa, don rage kuɗin kwantena, sukan cusa taya cikin taya, uku ko huɗu a ɗaya. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irin wannan. Cusawar tana lanƙwasa wayar bakin taya, wadda ke kama wili. Ko sabuwa ce dal, ka shafa bakin da hannu zagaye. In akwai lanƙwasa, tsagewa, ko tayar ba ta tsaya da siffarta ba, ajiye ta.

Mai_Faci_KofarRuwa:
Tunda wasu dole 'yar Beljiyam ɗin za su saya saboda hali, ga abin dubawa kafin a ɗaura. A leƙa ciki da tocila. Faci fiye da biyu, ko faci a kafaɗa ko gefe, a bari. In cikin ya yi yamutse ko akwai baƙin gari kamar na gawayi, an yi tafiya da ita babu iska, wayoyin gefe sun riga sun karye. A buɗa kwarin zane da yatsa a duba tsattsagewa. A kula da wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi: kwarin ba ya zama daidai, 'yan tudun nan na milimita 1.6 da Malam Lissafi ya ambata sun ɓace, wani lokaci har waya tana leƙowa. Bayan an sa iska a juya ta a duba kumburi. Kumburi a gefe ba ya gyaruwa, ko wa ya ce zai gyara.

Hafsat_Jos:
Mu da ke Jos fa? Sanyin Disamba bai isa a nemi ta kowane yanayi ba?

DanMaradi_227:
Bai isa ba, Hajiya. Sanyin asuba ne na 'yan awanni, babu ƙanƙara a titi, rana na fitowa kwalta ta ɗumama. Abin da Jos ta fi buƙata shi ne mai kama jiƙaƙƙen titi, saboda ruwan sama da gangara.

Sadiq_Panteka:
Duk tayar da aka saya, iska ce ke yanke mata kwana. Masu faci da yawa 45 ko 50 a ma'aunin PSI suke bugawa, wasu ma da ƙafa suke aunawa.

Mai_Faci_KofarRuwa:
Ba duka ba dai, Sadiq. Kuma sau da yawa mai motar ne ke cewa a ƙara.

Injiniya_Sabo:
Laifin rabawa za a yi. Lambar 44 ko 51 da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa ba. Abin da za a sa yana takardar jikin ƙofa, ga irin Corolla ɗin nan tsakanin 30 da 32 yake. A auna da safe kafin a yi tafiya. In taya ta yi zafi a hanya geji zai nuna ƙarin 4 ko 5, wannan daidai ne, kar a sace iskar. Wanda ya sauke ta tana da zafi, in ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida.

Kuma ƙarancin iska ya fi yawan iska haɗari, saɓanin abin da aka ɗauka. Taya mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, wannan yana haifar da zafi a ciki, zafin ya raba roba da waya, sai ta tashi. Yawan iska kuma yana cinye tsakiya, yana rage kama titi, kuma rami ya fi saurin yi mata illa.

DanMaradi_227:
Ga 'yan Nijar, gejinmu da yawa a ma'aunin bar suke. 2.2 shi ne kusan 32.

Ummu_Hanan:
Iskar naitirojin da ake tallatawa a wasu gidajen mai fa?

Malam_Lissafi:
Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. Kuɗin ya fi amfani a sayi ƙaramin geji a ajiye a mota.

Abban_Khadija:
Wata tambaya. In kuɗin huɗu bai samu ba na sayi biyu, gaba zan sa su ko baya? Kuma wani ya ce in sa 205/65 don motar ta ɗaga saboda ramuka.

Baba_Direba_Hiace:
Gaba mana. Can injin yake, can sitiyari yake, kuma fashewar gaba ita ke kifar da mota.

Injiniya_Sabo:
Baba, kamfanonin taya baya suke cewa, ko da motar da gaba take ja. Dalili: in gaba ya zame a ruwa, direba yana ji a sitiyari, ya saki totur motar ta dawo. In baya ya zame, motar juyawa take yi, kuma ba kowa ke iya kamo ta ba. Sai dai sharaɗi, tsofaffin da za a mayar gaba su kasance masu lafiya. In ba su da lafiya, ba maganar gaba ko baya ba ce, canji suke so.

Baba_Direba_Hiace:
Na ji dalilin, amma ban sauka daga ra'ayina ba. Ruwa wata huɗu ne, zafi da rami shekara ne.

Malam_Lissafi:
Kan girma kuwa: tsayin 195/65 R15 gaba ɗaya kusan milimita 635 ne, na 205/65 R15 kusan 648. Bambancin kashi 2 cikin ɗari, yana cikin kashi 3 da ake lamunta. Amma motar milimita 6 ko 7 kawai za ta ɗaga, rabin bambancin, ba abin da zai cece ta daga rami. Agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya kaɗan, kuma a duba kar ta goga in an karya sitiyari duka da lodi. A kan layi ɗaya, hagu da dama, dole su zama girma ɗaya, zane ɗaya.

Sadiq_Panteka:
Ranar ɗauri a canza bawul, kuɗinsa kaɗan ne kuma shi ke sace iska a hankali. A yi balansin, a yi alaimen. In zanen mai kibiya ne a bi kibiyar, in an rubuta OUTSIDE wannan gefen ya kalli waje. Notin wilin Corolla ƙarfin ɗaurinsa 103 Nm ne, ba a hau sifana da ƙafa ba. Duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 a juya na gaba su koma baya. Kafin a jefar da tsofaffin a karanta su: gefe ɗaya ya cinye, alaimen ne. Gefe biyu, ƙarancin iska. Tudu da kwari zagaye, shakazoba ta mutu, kuma sabuwar ma haka za ta yi in ba a gyara ba.

Alhaji_Tsoho_Fagge:
Ni dai har yanzu ina kan bakana ga mai yawan doguwar tafiya: ya daure ya sayi babbar, sabuwa. Mai cikin gari ya bi shawarar Sadiq.

Abban_Khadija:
Na gode ƙwarai. Na cire ta hunturu daga lissafi. Yanzu tsakanin matsakaiciya guda biyu yanzu biyu daga baya, da sananniyar 'yar China guda huɗu a tashi ɗaya nake. Safayar ma tun ta kamfani ce, lambarta 2010.

Mai_Faci_KofarRuwa:
To ai biyar kake nema, ba huɗu ba. In safayar cikakkiya ce, cikin waɗanda za ka cire ka zaɓi mafi ƙarancin shekaru, marar faci a gefe, ta maye gurbinta. In kuwa 'yar siririyar nan ce, iskarta 60 ce, kuma ba a wuce gudun 80 da ita. Turo lambobin DOT na huɗun mu gani tukuna.